Rawar Gaban Akori-kura Bayan Sauya Aksil: Inda Ake Yawan Kuskure

Duk direban da abin ya taɓa kamawa ba ya mantawa. Kana tafe kan kwalta da gudun kilomita 70 ko 80, taya ta faɗa ɗan rami, sai sitiyari ya hau fizga hagu da dama kamar zai kuɓuce maka, gaban mota gaba ɗaya yana kakkarwa. Ba ta dainawa sai ka rage gudu sosai, wani lokaci sai ka tsaya cak. A Amurka masu Jeep da manyan akori-kura irin Ford da Ram suna kiranta rawar ajali. Ciwo ne na motoci masu aksil ɗin gaba guda ɗaya dunƙulalle, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba biyu, irin Land Cruiser 79 da tsofaffin Hilux da ke cike da hanyoyinmu.

Kuskuren farko, kuma wanda ya fi ci mini rai, shi ne a ruga a sayo sabon shokozoban sitiyari. Aikinsa rage girgiza ne kawai. Idan ya yi sabo sai ya danne rawar na ɗan lokaci, mai mota ya ɗauka an warke, ya ɗebi fasinja da kaya ya hau titi, alhali abin da ya saki yana nan yana ƙara cinyewa. Ran da za ta dawo ta fi da muni.

A ce motarka ba ta rawa sai bayan da aka sauya mata aksil. To, laifin yana cikin abin da aka kawo ko abin da hannu ya taɓa.

Fara da sandar nan da ke gicciye daga shasi zuwa aksil, wadda ke hana shi zamewa gefe, ana ce mata fanhad. Land Cruiser 79 tana da sifirin mai naɗi a gaba tun fitowarta a 1999, saboda haka wannan sanda ce ke riƙe da aksil ɗin. Mutane da yawa suna ɗaga mota a jak su jijjiga sandar da hannu su ce lafiya lau. Hannu ba zai nuna komai ba. A bar motar a ƙasa da nauyinta, yaron gareji ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama a gajarce, kai kuma ka kwanta da tocila, ka ɗora yatsa kan kowace gaɓa. Na taɓa ganin wata mota da aka sauya mata tayoyi huɗu a banza, ashe ramin da kusar sandar ke shiga ne ya zama kamar ƙwai. Wasan bai fi kaurin farce ba, amma gefen wosha ya goge ƙarfen har yana ƙyalli. Irin wannan ƙyalli, ko garin tsatsa ja a bakin noti, shaida ce cewa wurin yana motsi.

Akwai kuma ɗaure notocin bushin tun mota tana rataye. Da an sauke ta sai robar ta murɗe, ba ta daɗewa take yagewa. A sauke tukuna, nauyi ya zauna, sannan a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi. Mai sifirin falle-falle kuwa, a sake bin notocin da suka rungume aksil bayan 'yar tafiya, don suna saki.

Aksil na hannu daga Ƙofar Ruwa ko Panteka ba laifi ba ne, amma ɗaura shi yadda ya zo ganganci ne. A wani wuri ya riga ya ci nasa zamanin. A ɗaga taya, a kama sama da ƙasa a girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, sa wani ya taka birki: in wasan ya ɓace, boris ɗin taya ne, in yana nan, na kinfin ne, wato gaɓar da taya ke juyawa a kanta in an murɗa sitiyari, kuma su waɗannan da siraran faranti ake daidaita matsinsu. Sai a kama gefe da gefe don jin kawunan tayarod, sandar da ke juya tayoyi in an murɗa sitiyari.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne kwanciyar aksil. Layin da taya ke juyawa a kai dole samansa ya ɗan karkata baya, kasta ke nan, shi ke maido da sitiyari tsakiya bayan kwana. In aksil ɗin na wani samfuri ne aka yi wa walda, ko an ɗaga mota, ko an mirgina shi don farfela, sandar da ke kawo wa aksil ƙarfin inji, ta miƙe, kastan sai ya ragu. Alamarsa, mota tana yawo a titi, sitiyari ba ya dawowa da kansa. Ka ce wa mai alaimen: “Maigida, a nuna mini kasta na kowane gefe,” domin wasu bakin tayoyi kaɗai suke saitawa su sallame ka.

Taya mara balansin ko rim da ya lanƙwashe suna tayar da rawar, amma galibi sai sun tarar da gaɓar da ta saki. Maido da na baya gaba ka gwada, ba ko sisi. Kuma a riƙa gyara abu ɗaya, a fita gwaji kan hanya mara cunkoso, ba kaya ba fasinja. In ta sake kamawa, kada ka danna birki da ƙarfi: riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, ka gangara gefe a hankali.