Darasi na Bakwai: Kowa Ya Tsaya a Hannunsa

A ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta daina tuƙi a hannun hagu irin na Ingila, ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta Nijar, Kamaru da Cadi. Mai yiwuwa dattawan da ke cikin wannan aji suna tuna wannan sauyi. Tun daga ranar doka ta tsaya a kan cewa duk abin hawa, daga keke har tirela, hannunsa na dama zai riƙe, kuma idan zai wuce wani, ta hagu zai wuce shi. Wannan darasi ya shafi direba da ɗan acaɓa da mai a-daidaita-sahu, ya kuma shafi fasinja, domin yawancinmu a kujerar fasinja muke yin tafiya.

Hanya falle ɗaya da tagwayen hanya

Hanya falle ɗaya ita ce wadda masu zuwa da masu dawowa suke raba kwalta guda, layin fenti ne kawai a tsakaninsu. Idan layin nan a gutsure yake, ma'anarsa an yarda a ƙetara shi don a wuce mota, muddin gaba a buɗe take. Idan kuwa miƙaƙƙe ne bai yanke ba, an hana ƙetara shi, kuma galibi ana samunsa ne a kwana, a hawan tudu, ko kusa da gada, wato wuraren da ido ba ya iya hango abin da ke tahowa.

Tagwayen hanya, irin wadda ta tashi daga Kano ta bi Zariya da Kaduna har Abuja, tana da shinge ko fili a tsakiya, kuma kowane ɓangare yana da layi biyu. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Layin dama shi ne na tafiya, na hagu kuma na wuce mota ne kawai, wanda ya shiga shi ya wuce, sai ya ba da sigina ya koma dama. Direban da ya kafe a layin hagu yana tafiyar hawainiya, ko da bai ƙetare ƙa'idar gudu ba, ya tare hanya, kuma ya tilasta wa na bayansa su riƙa kurɗawa ta dama, inda direban babbar mota ba ya ganinsu sosai a madubi. Haka nan idan ana gyara aka rufe ɓangare ɗaya, aka haɗa kowa a ɗaya ɓangaren, to a wannan wuri hanyar ta zama falle ɗaya, dokokin falle ɗaya ne ke aiki, ko da direba ya saba da ita a matsayin tagwaye.

Lissafin wuce tirela

Tun da muna koyon lissafi a wannan aji, ya kamata mu yi amfani da shi a nan. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. A ce kuna bayan tirela mai gudun kilomita 50, direbanku ya fita zai wuce ta da gudun 80. Kafin ya fita daga bayanta, ya shanye tsawonta, ya ba da tazara ya koma hannunsa, zai ɗauki kamar daƙiƙa takwas, kuma a cikin wannan lokaci motarku ta ci kusan mita 180. Motar da ke tahowa ta gaba da irin wannan gudu ita ma ta ci mita 180. Idan aka haɗa, ana buƙatar fiye da mita 350 na hanya wadda babu kowa a kai, wato tsawon filin ƙwallo uku da rabi. Duk direban da ya fita a kwana ko a hawan tudu, alhali bai hango ko rabin wannan nisa ba, ya jefa ran kowa a cikin motar a caca. Daga irin wannan ake samun taho-mu-gama, wanda da wuya mutanen kujerar gaba su tsira daga gare shi.

Ƙa'idar wuce mota ba ta da tsawo. Direba ya duba madubi, ya ba da sigina, ya tabbatar gaba a buɗe take, ya wuce ba tare da jan jiki ba, sannan kada ya koma dama sai ya ga gaban motar da ya wuce a madubinsa. Wanda ake wucewa kuma haramun ne a gare shi ya ƙara wuta, domin yin haka yana tsare ɗan'uwansa a hannun da ba nasa ba.

Ƙa'idar gudu

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke kula da waɗannan dokoki a manyan hanyoyi, jihohi kuma suna da nasu jami'an, kamar KAROTA a Kano. A cikin gari ƙananan motoci ba za su wuce kilomita 50 a awa ba. A babbar hanya iyakarsu 80, a tagwayen hanya ta musamman kuma motar gida 100, tasi da bas 90. Tirela da tanka iyakarsu 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Tun daga 2003 ake tilasta ɗaura bel, daga 2017 kuma aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

Abin da gudun wuce sa'a yake saya wa direba kaɗan ne ƙwarai. Tafiyar kilomita 100 da gudun 100 awa ɗaya ce, da gudun 120 kuwa minti 50 ce, ribar duka minti goma ke nan. Amma idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ja bayan an taka birki yana ninka huɗu. Saboda haka ake koya wa direba ya bar tazarar daƙiƙa biyu aƙalla tsakaninsa da na gabansa, ya kuma ƙara ta idan ana ruwa ko hazon hunturu ya rufe hanya.

Gosulo da ɓacin rai

Babu mai musun cewa cunkoso yana da cin rai. Rana tana dukan mota, mai yana ƙonewa a banza, direban haya yana tunanin kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma, fasinja yana tunanin aiki ko asibiti. Wanda ya taɓa bin Mararaba da Nyanya a hanyar shiga Abuja da sassafe, ko ya ratsa kewayen Kantin Kwari gab da shan ruwa a watan azumi, ya san yadda zuciya take tafasa a irin wannan wuri. Sai dai abin da ɓacin rai yake sa direba ya yi, shi ne yake mayar da cunkoson minti goma ya zama na awa biyu.

Ga yadda abin yake faruwa. Wata mota ta lalace ta tare layi ɗaya, sauran suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali amma ana tafiya. Sai mutum ɗaya ya ƙosa ya yi aron hannu, ya shiga hannun masu tahowa, nan take goma su bi shi. A can ɗaya gefen ma wasu sun yi haka. Idan suka haɗu goshi da goshi, hanya ta kulle gaba ɗaya, babu mai gaba babu mai baya, kuma wanda ya fara aron hannun yana cikin waɗanda za su fi daɗewa a wurin. Wannan shi ne sauri ya haifi nawa a zahiri. Abin da ya fi ɓata mini rai a irin wannan kulli shi ne motar asibiti da takan maƙale a tsakiya, jiniyarta tana kuka, mara lafiya ko mai naƙuda a ciki, alhali babu inda za a matsa mata domin an cike har gefen titi.

Inda layi biyu suka haɗe suka zama ɗaya, dabarar da ta fi sauri ita ce karɓa-karɓa, mota ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. A shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya, mai shigowa ya jira. A danja kuma kada a shiga tsakiyar mahaɗa idan gaba a cike take, ko da fitila ta nuna kore. Idan wani ya cusa kai ya shiga gabanku, a bar shi ya tafi. Danna hon ba ƙaƙƙautawa da zagi ta taga da bin mota don ramuwa ba sa buɗe hanya, kuma sau da yawa gogar fenti kaɗan takan zama dambe a tsakiyar titi, motocin biyu a tsaye, jama'a a bayansu suna jira.

Haƙƙin fasinja

Akwai fasinjojin da suke zuga direba, suna yabon wanda ya iya kurɗawa, suna kiran mai bin doka matsoraci. Akwai kuma masu gani su yi shiru don kunya ko tsoron a yi musu dariya. Fasinja yana da haƙƙin magana, kuma magana cikin ladabi ta fi shiga. Ana iya cewa, “Malam direba, don Allah a rage gudu, akwai yara a motar nan,” ko kuma, “Maigida, mu tsaya a hannunmu, ba ma sauri.” Idan mutum biyu ko uku suka mara wa mai maganar baya, da wuya direba ya ƙi ji. Idan ya ƙi, a sauka a wuri mai aminci, a kai ƙara wurin shugabannin tashar da aka hau motar. Idan kuwa an tarar da haɗari, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kuma kiran kyauta ne.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya tsaya minti goma a gefen wata mahaɗa ko shataletale da ke kusa da gidansa, nesa da kwalta, ya ƙirga ababen hawa nawa suka yi aron hannu, nawa kuma suka sauya layi ba sigina. A rubuta adadin da lokacin da aka yi ƙirgar a littafi, tare da jimla uku a kan abin da ya jawo cunkoso a wurin, a zo da shi aji domin mu kwatanta.