Ledar shara ranar tsere cikin ruwan sama

Masu gudun marathon (tseren dogon zango), in an ce za a yi ruwa, kar ka kashe kuɗi kan rigar ruwa mai tsada. Nemi babbar ledar shara, ka huda wajen kai da hannuwa ka zura.

Tsayuwar jiran a tashi ce matsalar, ka jiƙe ga iska na kaɗawa, tun ba a fara ba kana kyarma, ita kuwa ledar tana tare iskar. A marathon ɗin Boston ta Amurka a 2018 ruwa da sanyi sun hana mutane da yawa ƙarasawa.

Da zarar jiki ya ɗau ɗumi a gudu ka yage ledar, ka jefa a kwandon shara don Allah.

Shafa Vaseline a hammata da cinya, jiƙaƙƙen kaya na saɓule fata.

Amma in ruwa ne haɗe da zafi irin na Legas, manta da leda, gumi zai dafa ka.