Kafin ka miƙa kuɗin kwamfuta ko waya: kurakuran da na gaji da gani

A makon nan kaɗai mutum uku ne suka yi mini sallama da kaya a leda, kowa fuska a murtuke. Ni ba mai shago ba ne, kawai dai a dangi da unguwa an ɗauka ni ne na san kan kwamfuta. Abin haushin, ba a nemana sai an riga an biya, a lokacin da babu abin da zan iya sai jaje. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko na huta da maimaita magana ɗaya.

Zan fara da wanda ya ci ni, don har yau idan na tuna sai raina ya sosu. Adashi na ɗauka na nufi kasuwa sayen laftof. Yaron shagon ya zaro wata, ya goge ta da hankici, ya ɗora yatsa a kan 'yar sitikar da ke gefen madannai ya ce, "Yallaɓai, Core i7 ce fa, daga ita babu sama." Ko tayi kirki ban yi ba, na ƙirga kuɗi na ba shi, ina tafe ina jin na yi tsintuwa. Kwana biyu da zuwa gida fankarta ta fara kuka kamar injin markaɗe, in na buɗe shafi biyar a intanet sai ta tsaya tana tunani. Abokin aikina kuwa tasa i5 ce, amma gudu take kamar an kore ta. Da muka duba cikakkiyar lambar, tawa i7-3520M ce, ƙirar 2012, mai ƙwaƙwalwa 2. Tasa i5-8250U ce ta 2017, mai ƙwaƙwalwa 4. Wato tsohuwa na saya da kuɗin budurwa.

Ga yadda abin yake. Su i3 da i5 da i7, sunayen da kamfanin Intel ke ba injin da ke sarrafa aikin kwamfuta, matsayi ne kawai tsakanin 'yan shekara ɗaya. Abin da ke faɗa maka shekarun na'urar shi ne lambar da ke bin 'yar sandar nan (-) ta bayan i7 ko i5, wadda 'yan kasuwa ke kira janareshan, wato zubi. In lambar ta fara da 3, kamar tawa, zubi na 3 ke nan. In ka ga 8250, zubi na 8 ne. A irin su 1165G7 kuwa lambobi biyun farko ake karantawa, zubi na 11. Sababbin da Intel ya fara fitarwa a ƙarshen 2023 ma sun yar da harafin "i" ɗin, Core Ultra ake ce musu. Kuma yanzu maganar ta wuce ta gudu kawai. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Kada ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ya ruɗe ka, ana cusa ta ta ɓarauniyar hanya a kan tsofaffi, har a sa su a sabon kwali.

Abin da nake yi yanzu: ba na kallon sitika ko kaɗan, don sitika ko a jikin firiji za a iya manna ta. Ina danna Ctrl da Shift da Esc tare, in shiga Performance, in ɗauki hoton lambar da wayata, in fita bakin shago in bincika shekararta. In mai shago ya fara cewa sauri yake yi, ni ma sai in ce sauri nake, in ƙara gaba.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai 4GB wahala ce kawai, kada ka yi ƙasa da 8, kuma ka tambaya ko ana iya ƙarawa, don wasu a like take da allon. Wajen ma'ajiyar fayiloli, ni na fi son SSD, wato sabon samfuri mai sauri, mai 256GB a kan tsohon faifai mai juyawa ko da 1TB ne, duk da na san masu tara finafinai ba za su yarda da ni ba. In ka sayi 1TB ka ga Windows ta nuna 931GB, kada ka koma ka ɗaga wa mai shago murya, bambancin lissafi ne, ba sata ba.

To, yanzu mu zo kan wuta, inda nan ne nake son in yi muku faɗa sosai. Haba jama'a! Mutum ya zuba dubban ɗaruruwa a kan na'ura, sannan ya tsaya a danja ya sayi cajar da ko nauyin ashana ba ta kai ba, ya soka mata. Ko a kawo masa kaya daga waje, ko juya bayansa bai yi ba ya karanta rubutun da ke jiki, sai neman soket. Na san wannan ciwon domin na ɗanɗana. Wani yayana ya aiko mini da firinta sabuwa dal daga Amurka, a cikin kwalinta, ledar ma ba a ɓare ba. Haƙoran filoginta ba su shiga soket ɗinmu ba, sai na aiki yaro ya sayo adafta. Ina sokawa na ji "fat!", wani siririn hayaƙi ya fito ta baya, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Ko takarda ɗaya ba ta buga ba. Sati uku ina ɓoye wa Yaya, kullum ya kira sai in ce, "Ai tana nan lafiya lau."

Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Adafta siffar haƙora kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta ko da ƙwayar zarra. Ka juya kayan ka karanta. In an rubuta 100-240V, ko ina za su yi aiki, kuma yawancin cajojin laftof da na waya haka suke. In ka ga 110 ko 120 kaɗai, sai da taransifoma mai sauke wuta, wadda kuma ta fi ƙarfin abin da za ta ɗauka. Karatun daƙiƙa goma ne, ni rashin yin sa ya ci mini firinta da kunya.

Haka in an ɗauke wuta, ku zare filogi. Yara na ihun an kawo, ku kuma kuna rige-rigen sokawa, alhali a wannan lokacin ne take zuwa da haukarta. Ni sai na ba ta minti biyar tukuna. Ƙaramin janareto ma sai ya daidaita nake haɗa kaya, kuma ina zarewa kafin mai ya ƙare ya fara shaƙuwa. Wani mai gyara ya taɓa yi mini dariya, wai na cika tsoro tunda ina da sitabilaiza. Ya yi ta dariyarsa. Sitabilaiza ba ta tare tsawa, don haka da damina in hadari ya haɗu har wayar eriya nake cirewa.

Wayoyin caji masu bakin USB-C kama ce kawai ta haɗa su. Wadda ba ta da ɗan guntun na'ura a cikin bakinta ba ta wuce wat 60, cajar waya mai wat 20 kuma ba za ta ciyar da laftof mai neman 65 ba.

Masu sayen waya, ku ma ga naku. Tun daga iPhone 14 ta 2022, ƙirar kasuwar Amurka ba ta da ramin sim, sai eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, don haka ka tabbatar layinka yana bayarwa kafin ka biya. Ka danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali. Ka sa layinka ka kira wani a gaban mai shago. In ta hannu ce, a goge ta tas a kan idonka ka ga ba ta nemi asusun tsohon mai ita ba, in ba haka ba madubi ka saya.

Fulas mai 2TB a kan kuɗin farantin shinkafa ƙarya ce, za ta karɓi hotunan bikinka ta haɗiye, akwai ƙaramar manhaja mai suna H2testw da ke tona asirinta. Fawa bank mai 20,000mAh ba zai cika waya mai 5,000 sau huɗu ba, ka sa ran biyu da rabi zuwa uku, don wuta na zubewa wajen juyawa. In kuma ka ɗaga shi ka ji shafal, ajiye musu abinsu. Laftof a kan katifa ko darduma toshe mata hanci ne, balle a zafin Afrilu, kuma bayan kowane hunturu ina kai tawa a bushe mata ƙura.

Sai rasit. "Ai mun saba, Alhaji, in ta ba da matsala ka dawo" ba garanti ba ne. A rubuta sunan kaya da lambar jikinsa da kwanakin da aka ba ka, a buga hatimi, ka ɗauki hotonsa nan take don tawadar irin waɗannan takardu gogewa take. Ɗan ƙanwata, ɗaya daga cikin ukun da na faɗa, da na tambaye shi rasit sai ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ai mutumin yana da kirki." Ranar Asabar zan raka shi mu ga iyakar kirkin, na riga na sa fulas ɗina da sim a aljihu.