Yadda za ka kai iyali yawon dutse a Kwatarkwashi

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya ga Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Yara kan nuna shi ta tagar mota su ce a kai su. Ana iya kai su, amma ba ƙololuwa za a nufa ba. Kwarin da ke tsakanin duwatsun ya ishe su kallo, kuma ba ya buƙatar igiya ko gwaninta.

Kafin komai, tambayi lafiyar hanya. Halin tsaro a Zamfara ba ɓoyayye ba ne. Ka kira wani ɗan garin tun ana gobe tafiya, in kun isa ku fara gaida mai unguwa, ya haɗa ku da wanda ya san wurin. In ya ce "Malam, yau a haƙura", to a haƙura.

Sai lokaci. Hunturu ya fi, daga Nuwamba zuwa Janairu. Da damina kada ku shiga kwazazzabo ko da sama garau take, domin dutse ba ya shan ruwa: wanda aka yi a tudu gaba ɗaya yake gangarowa, ga gansakuka mai santsi. Ku fita bayan asuba ku sauko kafin azahar, tun falalen dutse bai fara ƙona tafin ƙafa ba.

Kambas kowa zai sa, ban da silifas. Ruwa ya fi abinci muhimmanci, kowa da gorarsa. Dabino da ƙuli-ƙuli sun wadatar.

A tafiya, ɗan gari a gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a baya, kuma ƙaramin cikinsu ne mai ƙayyade sauri. Inda dutse ya yi gangare, a zauna a sulalo a hankali, ba abin kunya ba ne. Abin da za ka yi ta nanatawa shi ne kada yaro ya zura hannu a tsagar dutse ko ya ɗaga ƙaramin dutse. Nan kunama da kububuwa suke fakewa, wani lokacin ma ƙudan zuma. In kun ji gunjinsu, ku ja baya shiru, ban da jifa. Ƙarangiya kuwa sai dai a tsince ta a wando bayan an sauko.

Da zarar ruwan gora ya kai rabi, ku juya, ko da yara na cewa "Baba, saura kaɗan".