Kurakuran da ke hana na'urar rediyo gane salon sigina a kan FPGA

Duk wanda ya gina na'urar da za ta saurari sigina ta gane da kanta salon da aka ɗora saƙon a kai, ko BPSK ne, QPSK ko 16QAM, sannan ta sauya yadda take warware saƙon, ya san wannan takaici: a kwamfuta komai daram, da an ɗora shi kan allon FPGA, wato guntun lantarki da ake iya sake tsara da'irorinsa, sai ya watse.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa mitar na'urar da ta mai aikawa sun zo ɗaya. Ba sa zuwa. Gocewar kristal, wato abin da ke saita mitar na'ura, ta kashi 20 cikin miliyan a mitar megahaz 900 tana nufin kilohaz 18, kuma wannan ya isa ya sa ɗigon siginar, waɗanda tsarinsu ke nuna salon, su yi ta juyawa kamar fanka. Ma'aunin C40, ɗaya daga cikin alƙaluman da ake lissafawa daga siginar don bambance salo, sai ya faɗo kusa da sifili, QPSK ya koma kamar salon 8PSK. Shi ma ɗan'uwansa C42 na BPSK sai ya tashi daga -2 zuwa -1, ya yi kama da QPSK. Maganin: a fara kiyasta gocewar mitar a cire ta, misali ta ɗaga siginar zuwa ƙarfi na huɗu a duba inda FFT, lissafin da ke fito da mitocin da ke cikin sigina, ya yi tsini, kafin a auna komai. Ni dai ban yarda da sakamakon da aka samu ba tare da wannan mataki ba.

Sai rowar samfuri, wato yanke hukunci da 'yan lambobi kaɗan da aka ɗebo daga siginar. C42 na 16QAM -0.68 ne, na 64QAM -0.619, tazarar kusan 0.06 kacal. Tarin bayanan RadioML 2016.10a, wanda ake horar da irin waɗannan na'urori da shi, samfuri 128 yake bayarwa a kowane yanki, shi ya sa tsare-tsaren da aka horar da shi suke yawan rikita waɗannan biyun. A ƙara tsawon yankin zuwa dubbai, kuma a cire ƙarfin hayaniya daga C21, ma'aunin ƙarfin siginar, kafin a yi amfani da shi wajen daidaita C40 da C42.

Akwai kuma ambaliyar lamba, wato lamba ta fi ƙarfin ma'ajiyarta. Samfurin bit 12 irin na guntun rediyon AD9361, in aka ninka shi da kansa har sau huɗu, yana buƙatar bit 48, daidai faɗin ma'ajiyar tarawa ta DSP48E1, sashen lissafi na guntun Zynq mai ɗauke da FPGA, tun ba a fara tarawa ba. A daidaita ƙarfin siginar tun farko, a yanke bit bayan ninkin farko, a gwada lissafin da faɗin bit ɗin allon tun a kwamfuta.

Wani abin da ake mantawa: na'urar da ke sauya salo a kan hukunci guda za ta yi ta tsalle idan hayaniya ta yi yawa. A sa ta jira hukunci uku ko huɗu a jere su yi daidai, a kuma ba ta damar cewa "ban gane ba", ta ci gaba da salon da take kai.