Ina za ka yada zango in tafiyar ta 'yan kwanaki ce?

Sababbin zuwa ƙasar waje da yawa in hutun farko ya zo suka tashi yankan tikiti, sai kaga mutum ya buɗe waya yana duba hotunan garuruwa wai yana zaɓen inda zai tsaya a hanya. Paris ko Istanbul? Doha ko Landan? To ɗan uwa, ba kai kake zaɓen garin ba tukuna, fasfo ɗinka ne ke fara zaɓa, sai agogo ya bi baya, in sun rage maka wani abu sannan ka sa son ranka.

Bari in fara da bizar tunda ita ce tafi kayar da mutane. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, 29 ne yanzu, kuma Ingila da Ayilan basa ciki, wannan kaɗai ya isa ya rikita wanda bai sani ba. Mai fasfon Najeriya ko Ghana ko Habasha, ko da bazai fita daga filin jirgi ba, zama kawai zaiyi a kujera ya jira jirgi na gaba a Frankfurt ko Amsterdam, sai da bizar tiransit. Ana ɗauke maka ita in kana da biza ko katin zama na Amurka, Kanada ko Japan, ko na wata ƙasar Shengen ɗin. Amma katin zaman Ingila tun da suka fice daga Tarayyar Turai ya daina wannan aikin, kuma har yau akwai masu zuwa filin jirgi da tsohon labari a ka, sai a wajen auna kaya a ce musu babu hawa. Wani tarkon kuma, in tikitin naka ya tsaya a garuruwan Shengen guda biyu, misali Paris sannan Madrid kafin ka wuce, to ka shiga cikin yankin kenan, bizar tiransit bata isa ba sai cikakkiya. Amurka kuwa su basu san wani zama a gefe ba, duk wanda jirginsa ya sauka sai ya bi ta imigireshan.

In biza ta baka hanya sai ka zauna kayi lissafin awanni, kuma kayi shi da gaskiya. An rubuta maka awa 9 tsakanin jirgi da jirgi, kana murna. Cire awa ɗaya ko fiye na sauka da layin imigireshan, cire awa uku da ya kamata ka dawo kafin tashi, cire zuwa gari da dawowa. Me ya rage? A nan ne nisan filin jirgi da gari yake zama komai. Frankfurt da Amsterdam jirgin ƙasa na kai ka tsakiyar gari cikin minti 15 zuwa 20. Doha ma filin Hamad kusa yake, kuma jirgin ƙasa na metro na shiga har cikinsa, zaka iya zuwa kasuwar Souq Waqif ka zaga ka leƙa bakin teku ka dawo hankalinka kwance. Filin Bole na Addis Ababa kuwa kusan cikin gari yake. Amma sabon filin Istanbul da aka koma a 2019 yana da kamar kilomita 40 daga tsakiyar birni, ga cunkoson mota, to awa 9 a can ba ɗaya bane da awa 9 a Doha ko kaɗan.

Kuma ku riƙa karanta sunan filin jirgin, ba sunan garin kaɗai ba. Filin Beauvais ana sa masa sunan Paris alhali ya haura kilomita 80 daga Paris, Hahn ana kiransa Frankfurt amma ya fi kilomita 100. Istanbul filaye biyu ne, Sabiha Gökçen yana can ɓangaren Asiya. Landan ba'a magana, Heathrow daban Gatwick daban Stansted daban. Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon a shekarata ta farko, na ga tikiti mai araha na yanka guda biyu daban daban ina ganin nayi wayo, ashe sauka a wani fili tashi a wani, ga jaka biyu sai na karɓa da kaina na ja su cikin sanyi, kuɗin motar da na biya ya cinye ragin da na samu har da ƙari, garin kuma ta tagar bas kawai na ganshi. Tun daga ranar in ba tikiti ɗaya bane tun daga farko har ƙarshe bana sha'awa, don in jirgin farko yayi latti kamfani ne zai nema maka wani, in kuwa kai ka raba tikitin to asarar taka ce.

Wasu kamfanonin da kansu suke so ka tsaya. Turkish Airlines suna da yawon buɗe ido kyauta cikin Istanbul ga wanda jiransa ya kai awa 6 zuwa 24, Ethiopian suna bada otal in jiran ya yi tsawo bisa sharuɗansu, Qatar Airways na haɗa maka kwana ɗaya zuwa huɗu a Doha da otal mai rangwame. Sai dai kyautar otal ko ta yawo bata nufin an yafe maka biza, wannan ka bincika shi daban a shafin ofishin jakadancin ƙasar kafin ka biya ko sisi. Addis kuma ka tafi da rigar sanyi, garin yana kan tudu sama da mita 2,300, dare yana yi zaka ji a jikinka.

Wanda ni yafi burge ni shine na Saudiyya. A 2023 suka fito da bizar tsayawa ta awa 96 ga wanda ya yanki tikitin Saudia ko flynas in ya cika sharuɗansu, kuma an yarda kayi umara da ita. Jirgin ƙasan Haramain yana da tasha a filin jirgin Jidda, ya kai ka Makka, ya kai ka Madina. In tafiyarka ta bi ta wannan gefen kuma kana da kwana biyu uku, wallahi ban ga garin da zai ja da wannan ba, lokacin aikin Hajji ne kawai zaka kiyaye don ana rufe Makka ga wanda bashi da izini.

In da yara ko tsoho a tafiyar, ka manta da ganin gari, nemi inda otal yake jikin filin jirgi kowa yayi wanka ya miƙe ƙafa. Kuma duk inda ka tsaya, katin zamanka na ƙasar da kake da caja da magani su kasance a ƙaramar jakar hannu, don babbar jakar yawanci bazaka sake ganinta ba sai ƙarshen tafiya.