Kurakuran da aka fi yi a ƙungiyar kiɗa ta sa-kai, da waɗanda ke biyo mutum har gida

Daren da na fara zama a ƙungiyarmu, a kujerar ƙarshe ta layin masu kilarinet (wani abin busa), na shigo gaɓa biyu kafin lokacina (gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa mai ƙidayayyun bugu, kamar huɗu-huɗu). Ni kaɗai, da iya ƙarfina, daidai inda mutum talatin suka yi tsit. Jagora ko kallona bai yi ba, ya sauke sanda ya ce a koma baya. Dattijon da ke gefena ne ya zaro fensir daga aljihu ya miƙo mini. "Malam, rubuta," in ji shi. "Kan mutum ba shi da amana a wurin nan."

Abin da ya same ni shi ke samun kusan duk sabon shiga: na iya busa, ban iya shiru ba. A gida mutum tsallake wuraren hutu yake yi, don wa zai zauna shi kaɗai a ɗaki yana ƙirga gaɓa goma sha shida? Sai ranar atisaye ya tarar ashe hutun ma cikin kiɗan yake. Maganin ba wuya. A riƙa sa lambar gaɓar a farkon ƙidaya: ɗaya-biyu-uku-huɗu, biyu-biyu-uku-huɗu, uku-biyu-uku-huɗu, yatsa na bi a kan gwiwa. Sannan a rubuta a takarda wanda ke shigowa kafin kai, kamar "turombon, sai ni". Ko ƙidaya ta kuɓuce, kunne zai cece ka. Da fensir fa, ba biro ba. Takardun na ƙungiya ne, wani zai gaje su bayanka.

Uwar kurakuran ita ce mutum ya zo wurin atisaye don ya koyi nasa kason. Ƙungiyar sa-kai sau ɗaya take haɗuwa a mako, awa biyu in an yi sa'a, kowa ya kwaso gajiyar yini. Ga malamin makaranta, ga ma'aikaciyar jinya da za ta wuce aikin dare, ga tsohon ɗan badujala mai ritaya. In jagora ya tsayar da kowa minti goma don mutum ɗaya ya lalubo yatsunsa, minti goma sau talatin, awa biyar ke nan ta bayin Allah ta salwanta. Naka a gida ake koyonsa. Abin da ake zuwa koya a cikin taro shi ne na sauran: wa ke riƙe da waƙar a nan, wa nake bi, wa ke bina.

Shi ma gwajin gidan yana da nasa tarko. Yawancinmu daga saman takarda muke farawa, mu tafi sumul har wurin da ke da wuya, mu yi tuntuɓe, mu koma sama. Bayan wata guda mun haddace shafin farko, wurin tuntuɓen kuwa ya ƙara zama daram, domin yatsa abin da aka maimaita masa yake riƙewa, bai san daidai da kuskure ba. A zagaye gaɓa huɗun nan da fensir, da su za a fara. A kunna metironom, na'urar nan mai ƙwanƙwasa lokaci da Johann Maelzel ya yi wa rajista tun 1815, wadda yanzu ake saukewa a waya. In kiɗan bugu 120 ne a minti, a sauko 60. An yi sau uku a jere ba kuskure, a ƙara huɗu. Akwai gundura, ban musa ba. Amma minti ashirin kullum ya fi awa uku ana gobe atisaye, kuma masu turamfet sun fi kowa sanin haka. Leɓe tsoka ne, in ka bar shi kwana shida ka zo ka azabtar da shi rana ɗaya, ranar da kake bukatarsa zai ƙi ka.

Saiti

Nan aka fi gardama, wato wajen daidaita muryar kayan kiɗa kada wani ya hau ko ya sauka ya bar saura. Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne muryar da ake kira A (muryoyin kiɗa da haruffa ake sa musu suna) ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa. A wani taro a Landan a 1939 aka daidaita a kansa. To, mutum ya shigo a makare, ya buɗe akwati, ya harhaɗa abin busarsa da sanyinsa, ya dubi na'urar saiti, allura ta tsaya a tsakiya, ya ce shi ke nan. Minti goma sai ka ji ya haure kowa. Dalilin shi ne sauti ya fi gudu a cikin iska mai ɗumi, saboda haka da numfashi ya ɗumama bututun sai murya ta hau. A yi ta busa minti biyar ko goma tukuna, sannan a saita. Ƙa'idar guda ce ga duk abin busa: bututu in ya ƙara tsawo murya sauka take yi. Ka hau, ja waje. Ka sauka, tura ciki.

Sai dai saita murya ɗaya ba ya saita sauran, kuma nan na'ura ke yaudarar mutane. Kilarinet in aka busa ta da ƙarfi takan sauka, sarewa kuwa hawa take yi. Ke nan mutum biyu da suka saita daidai da juna, da an kai wurin ƙarfi sai su raba gari. Ido ba zai gyara wannan ba. A saurara: muryoyi biyu da suka kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba, akwai wata 'yar rawa da ake ji a tsakaninsu, wau-wau-wau. In tana sauri, da sauran nisa. In ta fara lafawa, an kusa. A matsa har ta ɗauke. Na sha ganin wanda zai ɗaga waya ya nuna wa maƙwabcinsa allura, wai ai shi ne daidai. Yana iya zama shi ne ɗin. Amma mai saurare ba allura yake gani ba, kuma mutum biyu da suka kauce tare sun fi daɗin ji a kan mai gaskiya ɗaya da ya ware.

Batun ƙarfi kusan haka yake. In ba ka jin na gefenka, kai ne ka yi yawa. Alamar f da ke takarda, mai nufin a yi da ƙarfi, ta ƙungiyar ce baki ɗaya, ba umarni ba ne kowa ya zage. Masu siririyar murya su suka fi fitowa ko ba su yi ƙoƙari ba, don haka su ya kamata su sassauta, a bar tuba, ƙaton abin busan nan, da sauran masu kauri su ɗauki ginin. Akwai kuma wata cuta da ban ga ƙungiyar da ta tsira daga gare ta ba: da an ce a ƙara ƙarfi sai a ƙara gudu, da an ce a rage sai a fara jan ƙafa. Ƙarfi daban, gudu daban.

Su na layin baya, musamman masu ganga, akan zarge su da jinkiri alhali ba laifinsu ba ne kacokan. Sauti kimanin mita 343 yake ci a daƙiƙa. Mita goma tsakaninka da na gaba, kafin sautinsa ya iso ka an yi kusan kashi uku cikin ɗari na daƙiƙa, kafin naka ya koma gaba an sake yin haka. Kamar ba komai, amma kunne na kama shi, balle a fili ko a zaure mai amsa kuwwa. Wanda ke nesa sandar jagora zai bi. A ɗaga abin ɗora takarda yadda ido zai ga takardar ya ga hannun jagora a tare.

Tun da an zo kan kunne: iyakar da NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta bayar ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu. 88 awa huɗu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar. Wanda ke zaune gaban bakin turamfet ko kusa da ganguna yana shan abin da ya kai haka a wuraren ƙarfi. In ka koma gida kunne na ƙugi, gargaɗi ne. Akwai matoshin kunne na makaɗa, mai rage ƙara ba tare da ya dusashe sautin ba. Ban ga abin kunya a sa shi ba, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Kula da kaya ba zan daɗe a kansa ba. A goge cikin kilarinet da saksofon bayan kowace busa. Ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a baki, kada a dogara da guda ɗaya har ya mutu ranar wasa, a riƙa juya uku ko huɗu. Bawul ɗin turamfet, wato maɓallan da ake dannawa, lamba gare su, 1, 2, 3. In an cire an sa mai aka mayar ba daidai ba, iska ba za ta wuce ba, mutum ya yi ta zaton kaya sun lalace. In bakin busa ya maƙale, don Allah kada a ɗauko filaya. Akwai ɗan ƙarfen da aka yi don cire shi, masu gyara suna da shi, aikin minti ɗaya ne. Filaya kuwa bututun take murɗewa.

Gida

Kurakuran nan sun fi tsada, don ba jagoran da zai sauke sanda ya ce a koma baya.

Na farkon da na yi shi ne ɗaukar cewa atisaye awa biyu ne. Ba awa biyu ba ne. Akwai tafiya da dawowa, akwai gwajin kullum, akwai ranakun wasa da kan faɗo a ƙarshen mako, kuma duk lokacin da kake can wani ne ke riƙe da yara. Wata rana na sanar da uwargida wasan Asabar a daren Alhamis. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Baban yara, su sun sani tun yaushe?" Wata biyu ke nan da aka ba mu jadawalin, yana cikin akwatin kilarinet. Tun daga ranar, da an raba jadawali nake manna shi inda kowa zai gani, kuma ita ma tana da nata maraicen da ba na taɓawa. Lokacin gwaji ma a yanke shi tare, a tsaya a kansa. Maƙwabci da ya san ƙarar ƙarfe biyar take farawa ta ƙare biyar da rabi ya fi haƙuri da wanda bai san yaushe za ta faɗo masa ba. Masu turamfet da turombon suna da abin toshe baki na gwaji da ke kashe yawancin ƙarar, ko da yake bai kamata kullum da shi ake yi ba, don yana sauya yadda iska ke tafiya.

Sai yara. Kowane makaɗi yana da burin nan a ransa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma ana yi: badujalar farko ta Salvation Army, wata ƙungiyar Kirista mai ayyukan agaji, a garin Salisbury na Ingila a 1878, wani uba ne, Charles Fry, da 'ya'yansa maza uku. Amma burin nan shi ke sa uba ya zama jagora a cikin gidansa. Yarinya na gwaji a ɗaki, kai kana falo kana ƙwala mata, "Ba haka ba ne, sake!" Mako uku sai ta fara rufe ƙofa, wata uku ta ce ba ta so. Gyara aikin malaminta ne. Shinichi Suzuki, malamin gogen nan na Japan, ya gina hanyarsa ne a kan cewa yaro yana iya koyon kiɗa kamar yadda ya koyi harshen uwa: yana ji kullum, yana kwaikwayo, ana ƙarfafa masa gwiwa. Ba wanda ya taɓa koyon magana da tsawa. Abin da ya fi aiki a gidana shi ne su ji ni ina fama da gaɓa huɗuna, ina kuskure ina sakewa.

A bar yaro ya zaɓi abin da kunnensa ke so, ko da ba naka ba ne. A kuma duba jiki: goge ana yin sa ƙanana, rubu'i da rabi, daidai hannun yaro, amma kilarinet da turamfet an fi so a jira haƙoran gaba na manya su fito, yatsu kuma su iya rufe ramuka. Kada a yi gaggawar saye. In da hali a yi aro ko haya na 'yan watanni. In za a saya, a tafi da wanda ya iya ya gwada, don abin busa mai yoyon iska yaro ba zai san laifin kayan ba ne, kansa zai zarga.

Ranar da 'yata ta yarda mu yi kiɗa tare, ita a piyano ni a kilarinet, muka buɗe littafinta ɗaya muna kallo. Gaɓar farko ta tsaya ta juyo. "Baba, ba daidai kake ba." Na ce daidai nake, ga yatsuna. Muka sake, abin ya ƙara muni. Ni da na yi shekaru ina busa, na manta abin da duk mai kilarinet ya sani: irin tawa in ta karanta C, abin da ke fita B-filat ne, mataki guda ƙasa da piyano. Haka turamfet. Saksofon alto in ya karanta C, E-filat ke fita, shi kuwa hon mai naɗaɗɗen bututu F yake bayarwa. A ƙungiya ba ka lura, don an riga an rubuta wa kowa tasa takardar. A gida dole ko a nemi littafin da aka buga don kayan biyu, ko mai kilarinet ya ɗaga kowace murya mataki guda.

Na ce ta ba ni minti goma. Na zauna da takarda mai layi ina kwafewa, tana tsaye a kaina tana duba ko na tsallake wani abu. Na tsallake ɗin kuwa, a gaɓa ta shida. Ita ta miƙo mini fensir.